Makon da Kowa Ya Jira Asabar

Duk wahalar da na sha a noman rani tana iya gushewa daga raina, amma ban da makon da injinmu na ban ruwa ya zauna a bakin kogi babu mai taɓa shi.

Ni ba ɗan boko ba ne, firamare ma ban ƙarasa ba. Amma ni manoman fadamarmu a Wudil suka ɗora wa shugabanci, kuma inji ɗaya gare mu. Rigimar wa zai riga wa ta ishe mu, har muka kafa doka: duk wanda ya tayar da inji ba ranarsa ba, an cire shi, ko ɗan wane ne.

Babbar 'yata tana karatun kwamfuta a jami'ar garin nan lokacin. Ta ce za ta haɗa mana manhaja mai tura wa kowa ranarsa ta waya. Wai dokokin rabon a rubuce suke daban, sai lokacin aiki manhajar ke karanta su ta aiwatar, don a iya sauya su cikin sauƙi. Na ce, "Ke dai raba ni da hayaniya."

Ta so ta fara shigar da sunana. Na hana, don a wurinmu abin kunya ne shugaba ya riga jama'a. Ta sa ni ƙarshe, Asabar ta faɗo kaina. Muka gwada a wayata, saƙo ya shigo: Asabar. Muka sake, daidai. Ta tura wa kowa nasa.

Washegari surukina ya rasu a Utai, na kwashi iyalina duka muka tafi. Zafi ya fara shigowa, tumatir yana cikin fure.

Sai ranar Laraba yayana ya zo gaisuwa shi da maƙwabcin gonarsa. Ana shafa addu'a ya ja ni gefe.

"Kai, ni za ka kai Asabar, alhali ina yayanka?"

"Yaya, Asabar ai tawa ce."

Maƙwabcin ya ce, "Tawa dai. Ina ta ƙunƙuni ni kaɗai."

Muka jera wayoyi. Asabar, Asabar, Asabar. Ashe haka kowa ya samu. Kowa yana ganin inji a zaune, yana zaton mai ranar ne ya makara, ga tsoron doka, ga nauyin kiran mai zaman makoki.

Na aika aka kira yarinyar daga cikin gida. Ta duba manhajar, ta daɗe, sannan ta ɗago kai.

"Baba, kamar na yi wa kowane manomi ɗan aikensa ne. Maimakon in damƙa wa kowanne ranar a hannu, sai na ce ya duba allo in zai tafi. Allon kuwa ɗaya ne, ana gogewa ana sake rubutawa. Da suka tashi tafiya, ranar mutumin ƙarshe kaɗai ta rage."

"Ni ke nan."

"Kai ne, Baba. Shi ya sa taka ta yi daidai."

Nan take ta gyara, layi guda ne wai. Amma furen ya riga ya zube, na yayana ya fi na kowa, don gonarsa yashi ce. Bai zage ta ba. Cewa kawai ya yi, "'Yata, ki bar mana abinmu yadda muka sani." Da zagin ya yi da ya fi mata sauƙi.

Jama'a suka ƙi ko kallon gyaran. Muka koma ihu a bakin kogi, har yau a kai muke, na gaji. Ita kuwa tana can Kaduna tana yi wa wasu irin wannan aiki, suna jin daɗinsa. In ta zo gida ba ta taka fadama.

Abin da na koya, abin da aka yi domin jama'a, a kan jama'a ake gwada shi. Wayar yayana tana nan gida ɗaya da tawa, katanga ce kawai tsakaninmu, amma ba mu gwada a kanta ba.