Ranar da Rokar Ba Ta Tashi Ba

A gidanmu na unguwar Mansur, nan ƙasa mai tsarki, ba mai tafiya mai nisa sai na ce je ka. Haka na tarar, haka na riƙe. Don haka da jikata ta gama karatun injiniya, aka kira ta koyon aiki a tashar harba rokoki ta wata ƙasa, can bakin teku, ubanta bai amsa ba. Ya ce sai abin da Umma ta ce.

Ni kuwa na ce sai na ga wurin. Ban taɓa barin 'ya'yana su kama aiki a shagon da ban je na zauna na dubi mai shi ba.

Jikar tawa ta ce, "Ya sitti, kakata, ba fa unguwar Utaibiyya ba ce da za ki hau tasi."

"To ki kawo min ita nan."

Ranar da za a harba wata roka, bayan la'asar, ta haɗa wayarta da talabijin. Ga abu fari tsaye kamar hasumiya, yana huci ta gefe. Sai aka nuna wani ɗaki cike da ma'aikata, kowa da abin saurare a kunne. Su na zuba wa ido.

Ana cikin ƙirge, wata mata mai furfura ta yi magana, ƙirgen ya tsaya. Jikata ta dafe kai.

"Halas, shi ke nan, an fasa. Wai iska ta yi ƙarfi a sama."

"Wa ya hana?"

"Waccan, mai duba yanayi."

"Ita ce babbarsu?"

"A'a."

"Manyan fa, me suka ce mata?"

"Me za su ce? In ta ce a tsaya, an tsaya."

Na ci gaba da kallo. Ba wanda ya taso mata, ba wanda ya harare ta, wani ma ruwa ya miƙa mata. Shekarun da na yi ina dafa wa alhazai abinci a unguwar Jarwal, na yi aiki da maigidan da in kika ce masa naman nan ya juya, sai ya ce a ƙara yaji.

Idon yarinyar ya ciko. Tana ta roƙona in jira wani harbin, wallahi zan ga yadda take tashi, ba kullum ake fasawa ba.

Na ce, "Share fuskarki, injiniyar kuka. Kira min ubanki."

Da ya shigo ya durƙusa, na ce masa ta tafi, Allah ya tsare. Ita kuma na ce in ta isa, matar nan mai furfura za ta fara nema, ta gaishe ta, ta zauna kusa da ita.