Des Treloar da Allurar Ciki

Des Treloar bai taɓa barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa ba. "Na sani," zai ce tun ba a je ko'ina ba, kuma bai taɓa ɗaukar hakan abin kunya ba. A gonar tumakin ubansa aka haife shi, yamma da garin Dubbo, a nan ya tsufa. Matarsa Noreen ta yi shekaru tana fara zance yana ƙarasa mata ba daidai ba, har ta rasu. Ranar da aka binne ta ya koma ya gyara shingen waya. Bai yi kuka ba.

Daga baya ciwon daji ya kama shi, jini ya daskare masa a ƙafa. Aka kwantar da shi a asibiti, aka ɗaura masa heparin, maganin tsinka jini, yana ɗiga ta jijiya. Lokacin askin tumaki ya ƙarato, likita kuma bai ɓoye masa cewa da wuya ya ga na baɗi ba. Des ya ji maganar kamar labarin wani ake ba shi. Gida kawai yake son komawa.

Nas ɗin ɗakin, Mele Taufa, ta zo da sirinji ƙarami a faranti.

"Mista Treloar, heparin iri biyu ne. Wannan na jijiya yana saurin fita daga jiki, shi ya sa ba a cire maka shi, muke ta ɗibar jininka muna aunawa. Ƙaramin nan kuwa ya fi daɗewa yana aiki, kai za ka riƙa yi wa kanka a gida. A ƙarƙashin fatar ciki ake..."

"Na sani. Yarinya, ina yi wa tumaki allura tun ba a haifi uwarki ba."

"To ga shi, likitan tumaki. Nuna mini."

Ya ɗaga sirinjin sama, ya ƙyasta shi da farce, ya matse kumfar da ke ciki har maganin ya yi tsartuwa a zanin gado. Ya yaye rigar asibiti ya auna tsokar cinyarsa. Mele ta cafke hannunsa.

"Kumfar nan ba a fitar da ita, ka zubar da magani. In ka soka a tsoka, jini zai yi ta tsiyaya a ciki, babu mai gani. Kuma na tabbata murza wurin za ka yi in ka gama."

"Kowa yana murzawa."

"Tunkiya ake murza wa. A haka ba zan ce a sallame ka ba."

Ta ɗauke farantin ta fita. Des ya kwanta yana kallon ledar maganin tana ɗiga. Bai ji haushi ba, bai ji tsoro ba. Aka kawo shayi da biskit, shayin ya huce a gefensa. Ya tuna yadda Noreen kan tsaya a tsakiyar zance ta ci gaba da wanke kofi, sai ya ga bai san abin da take shirin faɗa ba ko sau ɗaya.

Washegari da Mele ta shigo, ya riga ya ɗage rigarsa, cikinsa a waje, hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa.

"Ki faro daga farko," ya ce. "In na buɗe baki, kar ki tsaya. Ki kai ƙarshe."