Ƙwaya Ɗari Cikin Tsumma

Mahaifina Malam Gide bai taɓa ba mutum amsa guda ɗaya ba a kan maganar gona, kuma wannan hali nasa ya sha ƙona min rai. A ƙauyenmu da ke gefen Mabai, idan dawa ta fara nuna shi ake kira ya duba, don maigida ya san ko abincinsa zai kai shi wata damina ko ya fara tunanin sayar da akuya. Baba ba ya kula dawar bakin hanya, wai ta sha takin dabbobin da ke wucewa, ƙarya take yi. Sai ya kutsa ciki, ya tsaya nan, ya tsaya can, har inda ƙasa ta yi fako, yana jinjina zangarniya a tafin hannu. In ya fito sai ya ce, "Tsakanin dami talatin da talatin da biyar."

"Haba Malam, nawa ne dai?"

"Abin da na gani ke nan. Ai ban duba kowane kara ba."

Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce ko sunansa ka tambaye shi sai ya ce tsakanin Gide da wani. Shi dai dariya kawai yake yi. Ba kuma kullum yake dacewa ba. Wata shekara gonar maƙwabcinmu Mani ta gaza abin da ya faɗa. Baba ya ɗauki dami ɗaya daga rumbunsa ya kai masa, ya ce, "In na hwaɗi sau ashirin, ɗaya kan kuɓuce mani. Taka ce ta kuɓuce, ka yi haƙuri."

Ina aure a cikin garin Ƙanƙara lokacin da masifar 'yan bindiga ta tashi ƙauyenmu. Baba ya iso gidana tare da yayana Lawwali da iyalinsa. Ya baro bargonsa, ya baro rediyonsa, amma ya rungumo wani ɗan gora da aka liƙe bakinsa da laka. Irin dawa farfara ne a ciki, gauraye da toka don ƙwari, irin da ya gada daga mahaifinsa, wanda ba a taɓa tsallake damina ba a shuka shi ba. Na yi ta faɗa a kan bargon, don na san shi da jin sanyi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in sa goran ƙarƙashin gadona.

Damina uku goran yana nan. A cikinsu idon Baba ya yi yana, har ya koma gane mu da murya.

Bazarar da aka ce hanya ta ɗan yi sauƙi, Lawwali ya ƙudura zai riƙa zuwa gona a babur, ya tafi da safe ya dawo kafin la'asar. Ya fasa bakin goran, ya tsinci ƙwaya goma daga sama, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma don ya ga ko da sauran rai. Biyu kacal suka tsira.

"Baba, iri ya mutu," in ji shi. "In sayo na kasuwa. Wannan kuwa," ya nuna ni da baki, "Hussaina ta dama wa yara kunu da shi."

Ban ga laifin Lawwali ba. Mai iyali ne, kuma wanda ya shuka mataccen iri ya yi asarar shekara ɗungum. Amma ranar Baba bai taɓa tuwonsa ba, ni kuwa na kasa haɗiye nawa. Sai washegari ya kira mu.

"Ƙwaya goma ba ta yanke hukunci," ya ce. "Biyun nan, in ka sake gwadawa kana iya ganin huɗu, kana iya rasa ko ɗaya. Kuma daga sama ka ɗiba, inda iska ta hi taɓawa. Ku ba ni ɗari. In ɗari ta ce ya mutu, ni zan hwara shan kunun."

Ya sa na juye goran duka a faifai, irin bai ko cika kwanon sha ba, na gauraya na sama da na ƙasa. Na fara ƙirgawa, ashe hannuna sai bin manyan ƙwayoyi yake yi. Ya ji na daɗe, ya laluba ya kama yatsuna.

"Zaɓe kike, ɗiyata. Kada ki yi mani alheri da ƙarya. Gona ba ta zaɓe."

Shi ya ɗiba da kansa, yana cewa ai yau rashin ido ya yi rana. Muka jera su goma-goma a tsohon zanen Inna, muka naɗe, muka ajiye a gindin randa. Kullum da safe sai ya lallaba ya taɓa ya ji ko da danshi. Ni kam tausayinsa ya hana ni zama kusa, don ina tsoron ranar buɗewa.

Da ranar ta zo na ƙirga da ƙarfi yana ji. Arba'in da ɗaya.

"To, huɗu cikin goma ke nan," in ji Lawwali.

"Tsakanin ukku da biyar," in ji Baba. Sai da na yi dariya, hawaye na zuba. "Ka shuka kamar ukku ne. Ka ninka ƙwaya a rami, ka ba shi 'yan kunyoyi kaɗan a gonar, sauran gona ka sa na kasuwa. Haka ba ka cuci iyalinka ba, ba ka cuci ubana ba."

Aka watse a kan haka. Na ɗauki zanen zan kakkaɓe wa kaji tsiron, ya ce in ajiye, wai sun yi magana an ji, ba za a biya su da bakin kaza ba. Ya sa na dasa su a bayan ɗakina, jikin katanga, inda nake zubar da ruwan wanke-wanke. Na yi ne don kada ya ji haushi. Rabinsu ma ba su kama ba.

Lawwali ya shuka, farfara ta fito yadda Baba ya ce, har an yi noman fari. Sai hanya ta sake lalacewa a tsakiyar damina. Ba wanda ya gaya wa Baba, amma ya daina jin tashin babur da safe, bai kuma tambaya ba. Kaka ta zo, gona tana can, ba mai iya zuwa.

Daga ranar da babur ya daina fita na koma kamar mahaukaciya a kan 'yan karan bayan ɗakina. Na yi faɗa da maƙwabciyata Suwaibatu a kan awakinta har muka daina gaisawa na ɗan lokaci. Na yayyaga tsofaffin kallabaina na ɗaure wa kowace zangarniya saboda tsuntsaye, mijina yana tsokanata wai na tara amare a bayan ɗaki.

Da suka bushe na yanko, na zuba masa a cinya. Ya daɗe yana shafawa, ya mutstsuke 'yan ƙwayoyi, ya sa ɗaya a baki ya tauna.

"Ita ce," ya ce. Sai ya raba zangarniyoyin gida biyu da lalube. "Kada a sake tara ta wuri ɗaya. Wanga na Lawwali. Wanga naki."

"Baba, a gidanmu ai maza ake ba iri. Ni ko gona ba ni da ita."

Ya turo min rabona har ya taɓa gwiwata.

"Riƙe, Hussaina. Bana ke kaɗai kika yi mana noma."