Ranar da Na Ɗauke Firjin Maman Rahila

Ni ne mai laifi, gara in faɗa tun farko, kada sababbin ma'aikata su ɗauka labarin bajinta zan ba su. Har yau ranar da na sa aka ɗauke firjin Maman Rahila ba ta bar raina ba.

A farkon shekarun dubu biyu ina jami'in talla a wani babban kamfanin lemon kwalba. Sitonmu yana Chikaji, ni kuma aka ba ni layin Samaru zuwa Bomo. Ga wanda bai san aikin ba, kamfani yakan ba mai shago firji kyauta, bisa sharaɗin kada a sa komai a ciki sai lemonmu. Da zafin Zariya ba mai sayen lemo mai ɗumi, don haka wanda ya riƙe firji shi ya riƙe kasuwa. Da wani ƙaramin kamfani ya shigo da lemo mai araha, manajan shiyya ya tara mu ya ce duk wanda layinsa ya zube, takardar sallama na jiransa.

Maman Rahila matar wani tsohon malamin firamare ce, shagonta na bakin inda ɗalibai ke sauka daga bas. Wata Talata na buɗe firjinta, na tarar da zoɓo da kunun aya a gidan ƙasa na firjin, ga kuma 'yan kwalaben wancan kamfanin.

Na ce, "Mama, mene ne wannan?"

Ta ce, "Ai da idonka, Sani. Masu zuwa shan zoɓon nan su ke jawo masu shan naka. Zauna in zuba maka, ko fuskar nan ta saki."

Ban zauna ba. Ƙa'ida ita ce gargaɗin baki, sai na takarda, sannan a ɗauke. Na tsallake biyun farko don ina so a ji sunana a ofis. Washegari na zo da mota. Direbanmu Baba Audu ya ce, "Oga ƙarami, matar nan fa duk layin nan maganarta suke ji." Na ce ya tsaya a kan tuƙinsa, na sa aka ɗauke firjin.

Kafin mako ya zagayo, wancan kamfanin ya ajiye mata sabon firji. Maƙwabtanta kuwa, duk shagon da na shiga sai a ce kaya ba su ƙare ba tukuna. Motarmu ta riƙa komawa Chikaji a cike.

Manaja ya zo da kansa, ya tasa ni gaba har shagonta. Ya ce, "Madam, an ba ki gargaɗi a rubuce kafin a ɗauke?"

Kalma ɗaya za ta faɗa, aikina ya ƙare.

Ta dube ni, ta dube shi. Ta ce, "Yallaɓai, na san sharaɗin, ni na karya. Shi kuma ku kuka cika masa ciki da tsoro. In kuna son layin nan, ku bar mana Sani, ku bar mini gidan ƙasa in sa zoɓona."

Manaja ya yi dariya, ya ce a mayar da firji, gidan ƙasa nata ne. Bai sake tayar da maganar takarda ba. A ranar na gane firji na kamfani ne, amma mai shago ke miƙa wa mutum kwalba, kuma ita ke zaɓar wadda za ta miƙa. Aikin da na yi ta ci da iyalina bayan nan, albarkacin matar nan ne.

Bayan la'asar na koma ni kaɗai. Na durƙusa a bakin shagon, ɗalibai na kallo. Na ce, "Mama, ban ba ki gargaɗi ba, kin sani, ni ma na sani. Suna nake nema a ofis, na nema da abincinki. Kin rufa mini asiri alhali ban cancanta ba. Na gode. Don Allah ki yafe mini."