Kunyar 'Yar Fari a Kan Teku

Ni ba mai son ruwa ba ce. A garinmu, can gaba da Kano, ruwa mafi girma da na sani shi ne kududdufin bayan kasuwa, shi ma da bazara ta kama sai ya ƙafe yara su yi ƙwallo a ciki. Saboda haka ranar da maigidana ya shigo flat ɗinmu na unguwar Camberwell a London da wata takarda mai sheƙi, hoton wani farin jirgin ruwa a jiki kamar bene mai hawa goma, ko ludayi ban ajiye ba na ce masa Allah ya kiyaye hanya, mu muna gida.

Ya ce, "Ai na riga na yi booking, Maman yara. Mu biyar. Kwana bakwai, daga Southampton zuwa Norway mu dawo."

Na ce, "Ka yi cancel."

Ya ce ba a cancel. Na san ƙarya yake, amma kafin in sake buɗe baki yaranmu maza biyu, mai shekara bakwai da mai huɗu, sun haye kujera suna tsalle. Babbar, mace, tana da shekara goma sha ɗaya a lokacin. Ita ba ta yi tsalle ba, ta karɓi takardar ta zauna tana karanta ta layi-layi, har da ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa. Haka take tun tana ƙarama. Wannan a tsakiyar shekarun casa'in ne, mun riga mun haura shekara goma a London.

Sai na faɗi wani abu game da ni da yarinyar nan, domin shi ne duk labarin. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an tambaye ta ko nata ne sai ta kawar da kai ta ce na gidanmu ne. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban yayanmu a bakinta ba, kuma duk gidan mun san babu wanda take so kamarsa. Tsokar da ta fi kyau a miya ita ce za ta ba ni ta ce in kai wa wancan. Da na haihu a babban asibitin unguwarmu, ungozoma ta ɗora mini jaririyar a ƙirji, na ji kamar zuciyata za ta fashe don so, kuma a daidai wannan lokacin na ɗaga kai ina duban ko wani na kallona. Babu kowa sai Baturiya. Duk da haka na riƙe kunyata, don ita na gada kuma da ita nake alfahari.

Shekara goma sha ɗaya ina lallaɓawa a garin da kowa sai ya tambayi suna. A wurin likita kati nake miƙawa. A makaranta ubanta ke magana, shi da ya watsar da wannan al'ada tun yana ɗalibi. In takarda ce in rubuta, rubutu ba faɗa ba ne. A gida kuwa "ke" ta ishe mu, ko in ce wa ƙannenta su kira Yayarsu. Su mazan, sunayensu har sun gaji da bakina, maƙwabta ma sun haddace su ta bango.

Muka hau jirgin ƙasa daga Waterloo da akwatuna huɗu, ɗaya cike da abin da ban yarda Turawa za su tanada ba: yaji a kwalba, kilishi, garin kunu, buta. Da na ga jirgin ruwan a tsaye a bakin gaɓa na yi salati da ƙarfi, har wata tsohuwa da ke gabanmu a layi ta waiwayo. Ɗakinmu ɗan mitsitsi ne, gadaje sama da ƙasa, da wata taga zagayayya wadda ba ta buɗuwa. Kwana na farko a kwance na yi shi, kaina na juyawa, ina jin maigidan yana fama da 'yar na'urarsa ta neman alƙibla. Da ya daidaita ya shimfiɗa darduma sai jirgin ya karkata, ya sake tashi. Na ce masa daga kwance, mutumin da ya kawo mu tsakiyar ruwa ai sai ya nemo mana gabas.

Yarinyar ce ta yi jinyata. Ta samo ruwan zafi ban san daga ina ba, ta dama mini kunu, ta kwashe ƙannenta ta kai su cin abinci. Na sha kunun na ce da ubanta, "Wannan ta iya damu." Tana tsaye a wurin. A ganina na yi yabo har ya yi yawa.

A kwana na biyu na miƙe, kuma gaskiya na ji daɗi, ko da yake ban gaya wa maigidan ba. Abinci ba a cewa komai, kifi iri-iri, na barbaɗa yajina ina ci ina kallon teku. A jirgin akwai wani babban ɗaki da aka ware wa yara, da ma'aikata masu yi musu wasanni da zane-zane daga hantsi zuwa azahar. Dokarsu ɗaya ce: ba a sakin yaro sai wanda ya zo ɗaukarsa ya faɗi sunansa an duba a takarda. Uban ne ya kai su ranar farko, shi ya ɗauko su. A rana ta uku ya tafi kallon yadda ake tuƙa jirgin, ya ce in je.

Wata budurwa ce a ƙofar, mai jan gashi da fara'a, takardar tana rungume a ƙirjinta. Na faɗi sunan na tsakiya, ta duba ta kira shi. Na faɗi na ƙaramin, ta kira shi. Sai na nuna babbar da hannu, tana tsaye ba nisa riƙe da wani zane da ta yi, na ce da waccan.

Budurwar ta yi murmushi ta ce, sunanta fa?

Da ta miƙo mini biro da na rubuta mata, an wuce wurin. Amma ba ta miƙo ba, ni kuma kaina ya kulle. Ga iyaye a bayana suna jira, ga yara sun zuba ido. Sunan yana nan a kan harshena, ni na zaɓe shi ma tun tana ciki, amma na ji kamar an ce in cire ɗankwali a tsakiyar kasuwa.

Murmushin budurwar ya ragu. Ta tambaye ni a hankali, ke ce mahaifiyarta?

Abin da bakina ya saba shi ya fito. Na ce mata da Turancina, ta gidanmu ce.

Na ga ta matsa kaɗan ta shiga tsakanina da yarinyar. Ban ga laifinta ba, aikinta take yi. Ta juya ta sunkuya ta tambayi yarinyar ko ta san wannan matar. Ita kuwa ta amsa da Turanci, muryarta a kwance kamar mai faɗin ƙarfe nawa: "Mamata ce. Ba ta dai sona sosai ne, shi ke nan."

Fuskar budurwar ta yi ja kamar gashinta. Ta ba ni haƙuri, ban san na mene ne ba, ta sake mana ita. Muka bi wani dogon lungu mai jan kafet, mazan na gaba suna gudu, ita tana bayana.

Fushi na fara yi, ba zan ɓoye ba. Ni za ta tozarta a gaban Turawa? Ni da na yi shekara uku ina ɗinki har idona ya fara lalacewa don kada ta rasa abin da 'yan ajinsu ke da shi? Da muka zauna cin abinci ina jira ta yi kuka ko ta kumbura baki, in samu abin kamawa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Tana cire wa ƙaramin ƙaya daga kifi, tana goge masa baki. A nan fushin ya fara sanyi, tsoro ya maye gurbinsa, domin na gane ba don ta ɓata mini rai ta faɗa ba. Abin da ta daɗe da yarda da shi ne, har ta saba.

Bayan la'asar na samu maigidan a saman jirgin, muna shiga tsakanin wasu duwatsu dogaye da ruwa ke zubowa daga kansu. Na ba shi labari ina sa ran zai ce yarinya ba ta da kunya. Yana kallon duwatsun ya ce, "Yayanku da ake yi wa wannan kunyar, a ɗakin wa yake kwana?"

Na ce ɗakin kakarmu.

"Wa ke goya shi?"

Na ce gwaggonninmu, har faɗa suke yi a kansa.

"To ita fa, Maman yara? Daga ke sai ni sai bango huɗu. Ni kuma ina wurin aiki."

Na ji haushinsa ƙwarai, don ya fi ni gaskiya kuma bai ko ɗaga murya ba. A gida uwa tana ja da baya ne saboda akwai hannaye goma da za su karɓa. Kaka za ta kira sunan safe da yamma, ta yi masa kirari, kuma ita ce za ta raɗa wa yaro cewa kada ka ga uwarka tana share ka, kai ne ranta. Ni na ɗauko rabin al'adar na sa a akwati na kawo London, na baro ɗaya rabin a gida. Shekara goma sha ɗaya ina ja da baya, ba kowa a wurin da zai karɓa.

Washegari da hantsi jirgin ya tsaya a wani gari, mazan suka sauka da ubansu, na ce ita ta tsaya in gyara mata kitso. Ba ya bukatar gyara. Ta zauna a ƙasa tsakanin ƙafafuna a ɗan ɗakin nan, na warware na fara sabo. Kitso ne kawai lokacin da nake taɓa ta yadda nake so, kuma yana da sauƙin magana don ba a kallon juna. Na ba ta labarin mahaifiyata da yayanmu, da tsokar nama, da kakarmu. Na ce a wurinmu wanda aka fi so shi ake ɓoyewa. Ina Hausa tana amsawa da Turanci, kamar kullum.

Ta ce, "Na ɗauka namiji kika so aka ba ki ni."

Na ce subhanallahi, wa ya gaya miki?

Ta ce ba kowa, ita ta lissafa. Mazan ana kiran su, ita ba a kiran ta, to me ya bambanta su? Tun tana aji biyu ta gama wannan lissafin, ta ce, kuma ta yanke shawarar in ta yi ƙoƙari sosai wataƙila zan canza ra'ayi.

Hannuna ya tsaya a kanta. Duk damun kunun nan, da kula da ƙanne, da na ɗaya da take ɗaukowa a makaranta ina cewa a raina halinta ne, ashe neman shiga take yi a wurin uwarta. Na yi kuka a bayanta ba sauti, hawaye na sauka a kan tsagar kitson ina shafe shi da man gashi. Na ce mata ba haka ba ne, wallahi ba haka ba ne. Ta ce to. Ba ta roƙe ni komai ba, kuma har na gama kitson ban iya faɗin sunan ba. Na yi niyya sau uku.

Ranar da ya rage kwana ɗaya mu dawo, na ce da maigidan ya zauna, ni zan ɗauko su. Tun daga ɗaki nake maimaita sunan a zuci kamar mai shirin jarrabawa. Budurwar nan ce dai a ƙofa. Tana ganina ta yi sauri ta miƙo takarda da biro, da alama wani ya yi mata bayani, ko ita ta yi tunani. Na ce ta bar shi. Na faɗi na mazan. Sannan na leƙa ta kan kafaɗarta, yarinyar na can ƙarshen ɗakin ta ba mu baya, tana taya wata ƙarama haɗa dutsen ado a zare.

Na kira ta. Muryar ta fito a hankali, ko budurwar da ke kusa da ni da ƙyar ta ji. Na sake kira da ƙarfi. Ta ɗago ta dubi ma'aikatan ɗaya bayan ɗaya, ta dubi yaran da ke gefenta, tana neman mai kiran. Ba ta dubi ƙofa ba. Ba ta san sunanta da muryata ba.

A na uku ta waiwayo. Ta ajiye zaren ta taho, tana tafe tana duban fuskata, idonta ya firfito. Da ta iso ta kama gefen mayafina ta tambaya ƙasa-ƙasa, "Mama, me ya faru? Wani ne ya rasu?"

Na ce babu wanda ya rasu, lokacin cin abinci ne ya yi. Ta ci gaba da kallona ba ta yarda ba. Na kama hannunta a gaban iyayen da ke layi, a gaban budurwar, muka bi lungun, ban sake shi ba har muka kai teburi.