Lemon Ɗakin Ƙarin Ruwa

Fang Deshun ya yi shekara talatin da huɗu yana tuƙa bas a birnin Shenyang na ƙasar Sin, hanya ɗaya safe da yamma, kuma ba a taɓa jin ya gaya wa fasinja abin da ya wuce "a matsa ciki" ba. Yana yin ritaya matarsa ta rasu, ɗansa ya tafi kudu aiki, ya rage daga shi sai filas ɗinsa na ruwan zafi. Lafiya kam yana da ita har ta ban haushi. Amma duk shekara, da zarar ƙanƙara ta fara zuba, sai mura ta kama shi, ya nufi asibitin unguwa a ɗaura masa ruwa kwana uku da maganin kashe ƙwayoyin cuta a ciki. Ba wanda ya ga abin mamaki. A unguwarmu, in mutum ya yi tari sau biyu ba a ɗaura masa ruwa ba, cewa zai yi likita ya raina shi.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, a wannan makon ne ita ma Yaya Tao mura ke kama ta. Tsohuwar ma'aikaciyar masaƙa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Da za a ga su biyun a benci ɗaya a lambu, kafin su iso gida gulma ta cika benen da suke zaune daga sama har ƙasa. Marasa lafiya kuwa ba a gulmarsu. Shi a soka masa allura a hagu, ita a dama, ta zauna a damansa, ta ciro lemo. Da yake hannu ɗai-ɗai ya rage musu, shi ya riƙe, ita ta ɓare, su raba. Ba wata hira suke yi ba. Shekara goma sha ɗaya ana haka, kuma kwana ukun nan Tsoho Fang yake jira duk shekara.

Sai tsohon likitan asibitin ya ajiye aiki, aka kawo Likita Geng, matashiya mai gilashi wadda ta ɗauki karatunta da gaske. Ta ɗora abin saurare a ƙirjin Fang, ta leƙa maƙogwaronsa.

"Kawu Fang, ƙirjinka garau yake. In ma mura ce, wannan maganin ba ya taɓa ƙwayar mura. Je ka gida ka sha ruwan zafi."

"Ruwan zafi nake sha tun ba a haifi babanki ba. Majinata koriya ce shar."

"Nuna mini."

Ya fyace da iyakar ƙarfinsa, ko ɗigo bai fito ba.

Ya fita rai a ɓace, ya yanke shawarar nemo ciwon gaske. Ya ajiye hula, ya yi ta zagaya unguwa da tsiraicin sanƙonsa. Ya tsaya bakin kogi ya sha askirim uku a jere. Ya koma bas ɗin da ya saba tuƙawa, yana bin masu tari kujera-kujera, baki buɗe, har wata mata ta ce za ta haɗa shi da direba. Bayan mako guda cin abincinsa ya ƙaru, ciwon gwiwar da ya shekara biyar yana fama da shi ya tafi. Bai taɓa jin haushin jikinsa irin na lokacin nan ba.

Da ya koma asibiti, nas na ba shi ma'aunin zafi ta juya baya, sai ya tsoma shi cikin filas. Likita Geng ta duba, ta cire gilashi ta goge, ta sake dubawa.

"Arba'in da huɗu. Kawu, da gaskiya ne, da tuni an kira ɗanka."

"To ki ɗaura ruwan mana. Ko rabin kwalba."

"Ba zan ɗaura ba. Ƙwayoyin cutar jikinka sun kusa haddace maganin nan. Ranar da ciwon gaske ya zo, da me zan yi maka magani? Me kake nema ne a ɗakin ƙarin ruwan can?"

Mutumin da ya shekara talatin da huɗu a kan "a matsa ciki" ba yau zai fara bayani ba. Ya ɗauki filas ɗinsa ya fito.

A bencin baranda ya tarar da Yaya Tao, ta naɗe wuya da gyale har biyu, mutanen unguwa cike da wurin suna jiran layi.

"Kai ma yarinyar ta kore ka?" ta ce.

"Wai lafiyata ƙalau, Yaya."

"Ni ma. Jiya har barkono na shaƙa." Ta zare safar hannu, ta nuna masa bayan hannunta na dama, duk tabon allura. "Tsoho Fang, ban taɓa yin mura lokacin sanyi ba. Kuma tun ina yarinya ba abin da nake tsoro kamar allura. Duk shekara sai in ce bana zai yi magana."

Baranda ta yi tsit, har mai tarin da ke ƙarshen layi ya haɗiye nasa. Fang ya dubi hannun, kunya da tausayi suka rufe shi, ya rasa inda zai sa nasa hannayen biyu.

Ta matsa gefe, ta ciro lemo daga aljihu, ta miƙa masa.

"Zauna ka riƙe."

Ya zauna a hagunta, a gaban kowa, ya riƙe.