Shirun da Goggo Ta Fasa

Wai taubashina Auta, tela da safe mai barkwanci da yamma, ya haɗiye harshensa a kan dandamali, sai da likita ya zaro shi da ƙugiya. Ƙarya ce! Harshen yana nan da kaifinsa.

Shi dai gwanintarsa shiru ce. Yakan kawo labari gab da ƙarshe, ya yi tsit, ya ƙirga bakwai a zuci, sannan ya saki maganar da ke kayar da mutane daga kujera. Wata uku yana gwada sabon labari a shago, yana ƙirgen da fedar keken ɗinki, Goggo mahaifiyarsa tana ji ta taga har ta haddace.

Ranar da mai zauren wasa zai gwada shi, ya ga ko zai ba shi wasan kowace Asabar, Goggo ta zo kallo karon farko. Auta ya yi tsit ɗinsa. Bai kai huɗu ba ta miƙe.

"Wayyo, ya manta! Auta, ka ce akuyar ce ta cinye takardar!"

Zaure ya fashe da dariya, amma dariyar Goggo ce. Mai zauren ya ce sai dai su riƙa zuwa tare.

Sati guda Auta yana huci, har hannun riga ya ɗinka a wuya. "Wata uku ina gina shirun nan, a rushe min shi!"

Na ce, "Ɗauke ni mai tuna maka mana."

Ya dube ni, ya ƙirga bakwai cif. "Kai? Da kana iya shirun daƙiƙa ɗaya, da tuni an ɗauka kana da hankali."